Gidan Fujiwara, Surukan Sarakunan Japan

Duk wanda ya karanta tarihin dauloli ya saba da labarin waziri ko sarkin yaƙi wanda ya ƙasaita har ya fi ƙarfin ubangidansa, sa'an nan ya ture shi ya haye gadon, ko kuwa ya tsare shi da takobi, kamar yadda Banu Buwaihi suka yi wa halifofin Abbasiyawa a Bagadaza tun daga shekarar 945. Amma a wannan zamanin dai, can ƙasar Japan, an yi wani gida da ake ce wa Fujiwara, wanda ya juya mulki kusan shekara 200 alhali ba shi da wata runduna ta a-zo-a-gani, kuma babu ɗansa ko guda da ya taɓa zama a gadon sarauta. Da aure suka yi mulki.

Asalinsu wani bafade ne, Nakatomi no Kamatari, wanda ya taimaki wani yarima suka karya gidan Soga a 645, kuma bayan yariman ya zama Sarki Tenji, sai ya saka masa da sunan Fujiwara a 669, yana kan gadon ajali. Ɗansa Fuhito ya shigar da 'ya'yansa mata gidan sarauta. Annobar agana ta kwashe 'ya'yansa maza huɗu cikin shekara guda, 737, amma zuriyarsu ta wanzu, kuma reshen da ake kira Gidan Arewa shi ya ɗaukaka bayan an mai da fada birnin Heiyan, wato Kiyoto, a 794.

Sirrin al'amarin yana cikin al'adar aure ta manyan wancan zamani, domin mace ba ta cika rabuwa da gidan ubanta ba, a can take haihuwa, sau da yawa kuma a can ake renon abin da ta haifa, saboda haka ɗan sarki yakan buɗe ido ne a hannun kakansa na wajen uwa. Fujiwara no Yoshifusa ya fahimci fa'idar wannan sarai. A 858 aka naɗa jikansa Seiwa sarki yana yaro bai kai shekara 10 ba, shi kuwa ya riƙe masa mulki, ya zama mutum na farko da ba jinin sarauta ba da ya hau muƙamin sessho, wakilin sarkin da bai balaga ba. Magajinsa Mototsune ya ƙara gaba: ya sauke Sarki Yozei a 884, kuma a 887 aka tabbatar masa da muƙamin kampaku, wanda kowace takarda sai ta bi ta hannunsa ko da sarki baligi ne mai hankalinsa. Ba su kwaɗayin gadon kansa, domin jama'ar ƙasar sun yi itiƙadi cewa sarakunansu sun fito ne daga tsatson allahiyar rana, nasabar da dukiya ba ta saye, kuma Fujiwara sun ga cewa zama kakan sarki ya fi musu riba da kwanciyar hankali.

Kada a ɗauka hannunsu bai taɓa zalunci ba. Sugawara no Micizane malami ne masanin adabin Sin, wanda Sarki Uda ya ɗaukaka don ya rage musu ƙarfi, har ya kai matsayi na biyu cikin waziran fada. Sai Fujiwara no Tokihira ya ƙulla masa sharri a 901, aka tura shi Dazaifu a tsibirin Kiyushu, inda ya rasu a 903 cikin baƙin ciki. Tokihira bai daɗe ba ya mutu da ƙuruciyarsa, masifu suka biyo baya, har aradu ta faɗa fada a 930 ta kashe fadawa, mutane suka ce alhakin malamin ne, aka mayar masa da muƙamansa bayan mutuwa, aka gina masa wurin bauta a Kitano. Wannan ƙissa tana taɓa ni ƙwarai, domin ilimi kaɗai mutumin ya dogara gare shi a fadar da nasaba ce ke magana.

Ƙarshen ɗaukakarsu shi ne zamanin Micinaga, wanda aka haifa a 966. Ya shigar da 'yarsa Shoshi gidan Sarki Icijo a 999 tana yarinya ƙarama, ta haifi 'ya'ya maza biyu waɗanda duka suka yi sarauta. Ya ba Sarki Sanjo wata 'yar, sa'an nan ya matsa masa, ga shi da ciwon ido, har ya sauka a 1016. A 1018 kuma ya aurar da ta uku ga jikansa Go-Icijo, wato yaron ya auri ƙanwar uwarsa wadda ta girme shi nesa. Dukiya kuwa tana kwararowa daga gandaye, domin masu ƙasa a larduna sukan danƙa gonakinsu ƙarƙashin sunan babban gida don su tsira daga haraji. A ɗakin Shoshi ne Murasaki Shikibu, marubuciyar Hikayar Genji, ta yi hidima, kamar yadda Sei Shonagon ta yi wa kishiyarta Teishi. Masu tarihi sukan yabi hikimar Micinaga, ni kuwa ina ganin 'yan matan nan da aka ɗora wa nauyin daula tun ba su san kansu ba sun fi cancantar a tuna da su.

Mulkin da ya rataya a kan haihuwa kuwa yana hannun ƙaddara. Yorimici ɗan Micinaga ya riƙe muƙamin wakilin sarki shekara 50, ya gina haikalin Biyodo-in a Uji wanda hotonsa ke kan kwabon yen 10 a yau, amma 'yarsa ba ta haifa wa sarki ɗa namiji ba. A 1068 Go-Sanjo ya hau gado, uwarsa gimbiya ce ta gidan sarauta, kuma shekara guda bayan haka ya kafa ofishin binciken takardun gandaye, bai ƙyale na Fujiwara ba. Ɗansa Shirakawa ya sauka a 1086 ya naɗa ƙaramin ɗansa, ya ci gaba da mulki daga bayan fage, uba ya karɓe gurbin kaka. Da fitinar Hogen ta tashi a 1156, wa da ƙane na gidan Fujiwara, Tadamici da Yorinaga, kowa ya bi ɓangare dabam, kowa ya kira mayaƙa, Yorinaga ya halaka, mayaƙan kuma ba su koma gida ba.

Abin mamaki, waɗanda suka gaje su dabararsu suka ɗauka. Taira no Kiyomori ya aurar da 'yarsa ga sarki, ya naɗa jikansa Antoku a 1180. A Kamakura kuma gidan Hojo, surukan Minamoto no Yoritomo, suka zama wakilan shogun, wato shugaban gwamnatin mayaƙa, har a 1226 suka naɗa wani yaro daga zuriyar Fujiwara a muƙamin shogun, aka wayi gari sarki yana da wakili a Kiyoto, shogun yana da nasa a Kamakura, kuma na Kamakuran ne mai hukunci.

A ƙarni na 13 Gidan Arewa ya rabu biyar: Konoe, Kujo, Nijo, Icijo da Takatsukasa, muƙamin yana zagawa tsakaninsu. Iko ya tafi, sai ilimin ladubban fada da litattafan kakanni suka zama jarinsu, shi ya sa ƙonewar taskar littattafan Icijo Kaneyoshi a yaƙin Onin, wanda ya fara a 1467, ta kasance babbar hasara. Duk da haka darajar ba ta gushe ba, har Toyotomi Hideyoshi, wanda ya mallaki ƙasar da ƙarfin yaƙi, sai da ya shiga gidan Konoe a matsayin ɗan riƙo kafin a naɗa shi kampaku a 1585. In ban da shi da magajinsa Hidetsugu, muƙamin bai fita daga gidajen nan biyar ba sai da gwamnatin Meiji ta soke shi a 1868, kuma ko bayan haka wani ɗan gidan Konoe, Fumimaro, ya zama firayim minista a 1937.