Shaye-shaye da ciwon damuwa: yadda yake bayyana ga samari da ƴan mata

A nan Gaya, tsakanin Malanbil da Kamba, ba sai an gaya ma kowa mene ne tramol ba. Maganin rage ciwo ne, likita na ba da miligiram 50 ko 100, amma wanda ake saida wa yara a ɓoye yakan kai 225. In ya yi yawa yana kawo jijjiga kamar farfaɗiya.

Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne, sau da yawa akwai ciwon rai a ƙarƙashin ƙwayar, wani lokacin ma ya riga ta zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin cututtukan ƙwaƙwalwa na farawa ne kafin shekara 14.

Ga namiji, abin waje yake fitowa: faɗa, taurin kai, gudun lakwal, ɗauke-ɗauke, gudun wuce sa'a bisa kabu-kabu. Unguwa duk ta sani, ko da yake mafi yawa duka yake samu, ba magani ba.

Ta mace ta fi wuyar ganewa. Likitoci sun lura cewa ƴan matan da ke shaye-shaye sun fi samari fama da baƙin ciki mai nauyi, fargaba, rashin barci da tunanin kashe kai, kuma da dama an taɓa cin zarafinsu. Ita ba ta zama fada da abokai. Cikin ɗaki take sha, siro na tari mai kodin ko ƙwayar barci, ta yi shiru, ta rage cin abinci. Gida sai a ce kunya ce, ko iskokai, a ɓoye zancen don kar ta rasa miji. Kuma ba su kaɗan ba ne: binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 a Najeriya ya nuna cikin masu shaye-shaye huɗu, ɗaya mace ce. A shekarar ne Najeriya ta hana siron kodin.

Shi ma yaron mai hayaniya yana iya ɗauke da baƙin ciki, fushi ne kawai ya rufe shi.

Wanda ya saba da tramol, yanke shi rana ɗaya na kawo zufa, ciwon jiki da firgita, don haka a kai shi CSI ko likitar gari a rage masa sannu-sannu. Yaro ko yarinyar da ta ambaci mutuwa, kar a bar ta ita kaɗai, a kai ta ranar nan. Ƴan uwa na Kwatano da Legas, in kun kira gida, ku ce a ba ɗiyar waya ku ji muryarta da kanku.