Ɗigon Baƙin Mai a Bakin Geji: Daga Zamanin Fijo Zuwa 'Yar Kwatano



Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa tasha a Gwandu, ko ya tsaya jiran mota a mararrabar Kalgo, ya san abin da direban tsohuwar mota yake fara yi kafin ya nemi fasinja. Zai ɗaga bonet, ya zaro geji, ya goge shi da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya kai kusa da ido. Daga nan sai ya sunkuya ya leƙa inda motar ta kwana. Sau da yawa akwai baƙin tabo a ƙasa, bai fi faɗin tafin hannu ba. In ka tambaye shi zai ce maka ba komai, ɗan yoyo ne ta bakin geji, ya daɗe a haka. Tarihin wannan ɗan yoyo za mu bi yau, domin yadda muke gyara shi ya sauya cikin shekara hamsin ɗin nan, kuma sauyin bai amfane mu ba.

Mu fara da abin da ya sa mota ta zame mana dole. Layin dogo ya isa Kano a 1911. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, bai ƙara gaba ba. Ƙasar Gwandu ba ta taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. Garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya riƙe yammacin daula, da fadar sarki ta koma Birnin Kebbi, sai ya zama garin da sai ka ratse za ka je masa. Kalgo kuwa ta samu kanta a inda hanya ke rabuwa, ɗaya ta nufi Jega, ɗaya ta nufi Bunza da Kamba. Duk kayan da raƙumi da jaki da kwalekwale suka sauke, mota ce ta ɗauka: shinkafar fadama, albasar Aliero, marar lafiya, amarya, ɗan makaranta. Shi ya sa lafiyar injin a wurinmu ba maganar masu mota kaɗai ba ce.

Motar da ta fi kowace shiga rayuwarmu ita ce Peugeot, wadda bakinmu ya mayar Fijo. An fito da samfurin 504 a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. An yi wa kamfanin PAN rajista a Nijeriya a 1972, kuma a watan Maris na 1975 Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antarsa a Kakuri, Kaduna. Lokacin ya zo daidai da kuɗin Udoji, ma'aikata suka samu ƙarin albashi da ariyas, ga kuma bashin mota. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta mayar da 504 motar jami'an gwamnati. Kafin ka ce kwabo, malamin makaranta yana da salun, ɗan kasuwa yana da a-kori-kura, tasha ta cika da wagon. A Faransa an daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000.

Abin lura shi ne, a wancan zamani kusan injin iri ɗaya ne a kan titi: silinda huɗu a kishingiɗe, kabureta, babu kwamfuta. Kayan gyara na asali suna hannun dillalai irin su SCOA, naira kuma ta fi dala daraja a farkon shekarun 1980. Kanikawan da suka koyi aiki a garejin ma'aikatar ayyuka ko na dillalai, su ne suka dawo gida suka buɗe garejin gindin bishiya suka yaye yara. In aka kawo musu motar da geji ke jiƙa, ba sa fara taɓa gejin. Sai sun wanke injin sun bar shi ya bushe, sun tayar da shi sun tsaya suna kallo. Dalilinsu mai sauƙi ne: mai ƙasa yake gangarawa, iska kuma tana kora shi baya in mota na tafiya, don haka wurin da ya fi nisa sama da gaba cikin wuraren da suka jiƙe, can ne asalin yoyon. Sau da dama ana ɗora wa geji laifin da na gasket ɗin murfin sama ne.

In kuwa an tabbatar daga gejin ne, tambaya ta biyu ita ce me ya turo man. Nan ne ilimin yake, bari mu ɗan zauna a kansa.

Mai yana kwance ne a kaskon ƙasan injin, wanda kanikawa ke kira botom filet. Geji sanda ce kawai da ke bi ta cikin siririn bututu ta taɓo shi. Wasu injunan ana buga bututun ne cikin jikin injin ya kame, wasu kuma akwai ɗan zoben roba a gindinsa ko a wuyan sandar. Zafi da shekaru suna busar da robar ta tsage, girgizar hanya tana kwance notin da ke riƙe bututun. In wannan ne kawai, gyaran bai kai a ɓata yini ba: a zare bututun, a goge ramin tas, a sa sabon zobe daidai girman tsohon, a shafa masa ɗan mai don kada ya yage wajen shiga, a mayar a ɗaure. Wani lokacin ma babu abin da ya lalace, mai aka cika ya wuce layin sama, ƙarfen da ke juyawa a ciki yana dukansa yana watsa shi. Maganin wannan a rage man ne, a kuma riƙa aunawa a shimfiɗaɗɗen wuri bayan an kashe injin ya ɗan huta.

Amma akwai yoyon da saƙo ne. Duk lokacin da fetur ya kama wuta a saman fistin, ɗan hayaƙi yana sulalewa ta gefen ringi ya faɗa ƙasa inda mai yake. Dole hayaƙin nan ya samu hanyar fita. Motocin dā suna da bututun da ke zubar da shi a kan titi, har jihar Kalifoniya ta Amurka ta tilasta a 1961 cewa a riƙa mayar da shi cikin injin ya ƙone, sauran ƙasashe suka bi daga baya. Wannan shi ne tiyon numfashi, wanda kanikawa ke kira biriza. In ya toshe da daskararren mai, ko ringi ya cinye har hayaƙin ya fi ƙarfin tiyon, sai iska ta taru a ciki ta nemi wuri mafi rauni. Bakin geji na cikin wuraren da take fara samu. Shi ya sa za ka ga gejin wata motar ya ɗago da kansa bayan doguwar tafiya. Tsofaffin kanikawa suna gane wannan ba da wata na'ura ba: su buɗe murfin zuba mai injin na aiki a silo, in yana huci da hayaƙi kamar tukunyar dambu, sun san maganar ta wuce roba.

Ƙurarmu ce ke cin ringi. Hunturu, jar ƙasa, hanyoyin ƙauye da rani, ga ɗabi'ar nan ta a kakkaɓe filtar iska a mayar har sai ta huje. Ƙura in ta shiga silinda aikin yashi take yi.

Zoben robar nan da muke rainawa shi ma yana da tarihi. Wani injiniya ɗan asalin Denmak mazaunin Amurka, Niels Christensen, shi ya nemi rajistar haƙƙinsa a 1937, kuma a yaƙin duniya na biyu gwamnatin Amurka ta karɓe haƙƙin saboda jiragen yaƙi. Irinsa ne, babba, ya ƙi kamewa saboda sanyi ranar 28 ga Janairu 1986, kumbon Challenger ya tarwatse da mutum bakwai a ciki. Wannan ratse ne, mu koma gida.

Shekarar 1986 ɗin dai ita ce ta juya mana lissafi, amma ta wata hanyar. Gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin SAP, aka karya darajar naira, zuwa 1987 dala ɗaya ta kai kimanin naira huɗu. Sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci, kayan gyara na asali suka fi ƙarfin direba. Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, zirga-zirga ta ƙaru tsakanin Birnin Kebbi da garuruwanmu, amma motocin da suka cike gurbin ba sababbi ba ne. 'Yan Kwatano ne, waɗanda suka gama aiki a Turai aka sauke a tashar jirgin ruwan Kwatano, suka hauro arewa ta Malanbil da Gaya, kusa da Kamba. Golf, Opel, Starlet, Carina, daga baya Sharan. Kowace da irin injinta, kowace da girman robarta, babu littafi, babu dillali. Yaron da ya koyi injin ɗaya a hannun ubangidansa sai ya wayi gari da injuna goma.

A nan ne aka koyi toshewa. A yanko robar tsohon tib a naɗe wuyan geji, a cika gindin bututun da gam, a ɗaure kan sandar da waya, a zuba mai mai kauri na kwalba don ya rage gudu. Ba mu zargin kowa da rashin hankali, domin direban da zai biya balas da yamma ba ya da kuɗin sauke injin, kuma dabarar kanikawanmu ce ta sa motoci masu shekara talatin suke tafiya har yau. Sai dai dabarar tana da kuɗinta. Robar tib ba a yi ta don mai ba, kumbura take yi ta yi laushi. Gam in ya yi yawa yana ɓallewa ya faɗa ciki ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Mafi muni, in iska ce ke turo man ka toshe mata geji, za ta koma ta fasa sil ɗin bayan injin, mai ya jiƙa kuloci, ko ya tsiyaye a hanya ba ka sani ba har injin ya buga. Hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, da cire tallafin fetur a Mayun 2023, sun ƙara sa kowa ya riƙe tsohuwarsa da kyau, don haka matsalar ba raguwa take yi ba.

Mu ma mun taɓa faɗawa. Wata tsohuwar wagon ta gidanmu ta shekara guda gejinta na ɗaure da roba, kowace tafiya da galan ɗin mai a but. Ranar da muka ɗauko wata gwaggonmu daga Gwandu za mu kai ta asibiti, muna dab da Kalgo fitilar mai ta kama, hayaƙi ya turnuƙe daga ƙasa. Aka tura motar zuwa wani gareji, muka sa gwaggo a wata motar. Dattijon da muka tarar bai ce mana komai ba sai da ya cire tiyon numfashi ya hura. Iska ta ƙi wucewa. Ya kira yaronsa ya miƙa masa ya ce shi ma ya hura, sannan ya sa shi ya wanke tiyon da fetur har baƙin dasƙin ya fito. Ya ce mana, 'ya'yana, da kun zo bara da wannan kaɗai za a yi. Ringin ƙalau yake, amma sil ɗin baya ya riga ya tafi, sai da aka sauke giyabos. Motar ta kwana uku a wurinsa.

Yanzu har a Birnin Kebbi ana ganin motocin da ba su da geji sam. Kamfanin BMW ya fara cire shi daga wasu injunansa tun tsakiyar shekarun 2000, na'ura ce ke auna man ta nuna a allo. Irin waɗannan ma za su tsufa su gangaro tasha, kamar yadda Golf ta gangaro. Yaron da aka sa ya hura tiyo a ranar nan yanzu yana da nasa garejin a kan hanyar Bunza, kuma da muka bi ta wurin kwanan baya mun tarar yana wanke injin wata Golf, mai motar na tsaye a kansa yana ce masa ya sa gam kawai, sauri yake yi.