Bayani kan ɗaura wa mota sifoilar gaba a gida

Daga cikin kayayyakin da masu ƙananan motoci ke saye domin sauya kamannin motocinsu, akwai allon karya iska da ake ɗaurawa a ƙasan bambar gaba, wanda aka fi sani da sifoila.

Kamfanoni da dama ne ke ƙera irin wannan allo, ba lallai sai kamfanin da ya ƙera motar ba. Akasari ana sayar da shi ne tare da notuna da 'yar takardar bayani, ta yadda mai mota zai iya ɗaurawa da kansa a ƙofar gidansa.

Sai dai aikin da ake yi wa kallon na sa'a ɗaya ko biyu yana iya shafar sanyin inji da birki da inshorar mota, har ma da ran mai yin sa, idan ya shiga ƙarƙashin motar da ba a tokare ta yadda ya kamata ba.

Mene ne amfanin sifoila?

Idan mota na gudu, iskar da take ratsawa kan rabu: wata ta bi ta sama, wata ta gefe, wata kuma ta kutsa ta ƙasa.

Ƙarƙashin mota ba sumul yake ba, domin akwai inji da salansa da ƙafafun mota da tankin mai. Iskar da ta shiga wurin takan rikice ta riƙa jan motar baya, ta kuma riƙa ɗaga gabanta sama. Idan hakan ta faru, tayoyin gaba ba za su kama kwalta sosai ba, sai direba ya ji sitiyari ya yi sako-sako a hannunsa.

Aikin sifoilar gaba shi ne tare wani kaso na wannan iska, ta karkatar da ita zuwa gefe, domin gaban motar ya zauna daram.

To amma amfaninta ya danganta ne da gudu. Ƙarfin iska a kan mota yana ninkawa sau huɗu a duk lokacin da aka ninka gudu sau biyu. Wato abin da mota ke fuskanta a gudun kilomita 120 cikin sa'a guda, ya ninka na kilomita 60 har sau huɗu.

Saboda haka ga motar da ba ta wuce zirga-zirgar cikin gari, sifoila ado ce kawai.

Daga ina ta samo asali?

Tun a farkon shekarun 1950 kamfanin Kamei na birnin Wolfsburg a Jamus ya fito da wani allo da ake ɗaurawa a gaban motar Volkswagen Beetle. Injin wannan mota a baya yake, don haka gabanta ba shi da nauyi.

A Amurka, kamfanin Chevrolet ya sanya wa motarsa samfurin Corvair irin wannan allo a shekarar 1966, ita ma injinta a baya yake. Kamfanin Ford ya biyo baya da Mustang Boss 302 a 1969.

A 1973, kamfanin BMW ya nuna samfurin 2002 Turbo a bikin baje kolin motoci na Frankfurt, da wata babbar sifoila wadda aka rubuta sunan motar a kanta a juye, domin direban da ke gaba ya karanta ta madubi. Rubutun ya jawo suka, kamfanin kuma ya daina sanya shi.

Tashin farashin man fetur na wannan shekara ya ƙara sa kamfanoni mayar da hankali kan yadda mota ke ratsa iska, domin rage shan mai.

Abin da ya faru da motar Audi TT ya nuna cewa batun ya wuce na ƙawa. Bayan fitowarta a 1998, an samu haɗurra a lokacin da ake tsananin gudu da ita, lamarin da ya sa a shekarun 1999 da 2000 kamfanin ya nemi a mayar masa da motocin domin gyara. Daga cikin abubuwan da aka ƙara musu har da sifoila a baya.

Darasin shi ne, gaba da bayan mota tare suke aiki. Idan aka danne gaba sosai aka bar baya sakaka, mota na iya jefar da bayanta a kan kwana.

Wace iri ya kamata a saya?

Akwai manyan nau'o'i huɗu a kasuwa.

Ta robar ABS tana da sauƙin kuɗi, kuma tana karɓar fenti, amma takan tsage idan ta bugu da ƙarfi.

Ta robar foliyuritan tana lanƙwasa ta koma yadda take, shi ya sa ta fi jure wa gogar ƙasa, ko da yake ta fi nauyi. Idan ta karkace a cikin kwali, akan shanya ta a rana ta miƙe.

Ta zaren gilashi ba ta da nauyi, ana kuma iya ɗinke ta idan ta fashe, sai dai sau da yawa sai an goge ta da samfefa kafin ta zauna daidai. Ƙurar da ke tashi wajen gogewar na cutar da ido da huhu, don haka sai da tabarau da takunkumi.

Ta zaren kabon ita ce mafi tsada da rashin nauyi, kuma gyaranta na da wuya.

Kafin a biya kuɗi, wajibi ne a tabbatar da samfurin mota da shekarar ƙera ta. Kamfanoni kan sauya fasalin bamba bayan 'yan shekaru ba tare da sauya sunan mota ba. Haka kuma mota ɗaya na iya fitowa da bamba daban a Amurka, daban a Turai.

Kazalika ya kamata a auna tazarar da ke tsakanin ƙasan bamba da ƙasa. Yawancin ƙananan motoci ba su wuce santimita 13 zuwa 16 daga ƙasa ba, kuma duk abin da sifoila ta ci, daga cikin wannan tazara za ta ci.

Yaya ake shirya wa aikin?

Kayan aikin da ake buƙata sun haɗa da sifana da sukundireba da injin huda rami da magwaji da salatif na takarda, sai jak da ƙafafun ƙarfe na tokare mota.

Ana ajiye motar ne a wuri mai tauri wanda ba shi da gangare, a bar inji ya huce, a ja hambirki, sannan a sa wa tayoyin baya weji.

Nan ne babban haɗarin yake. An yi jak ne domin ɗaga mota, ba domin riƙe ta a kan mutum ba. Yana iya zamewa ko ya sauka ba zato. Bulon siminti ma ba abin dogaro ba ne, domin yakan farfashe a ƙarƙashin nauyi. Bai kamata kowa ya sa kansa ko hannunsa a ƙarƙashin mota ba sai ta zauna a kan ƙafafun ƙarfe, an kuma girgiza ta an ga ba ta motsi.

Aikin ya fi sauƙi da mutum biyu, ɗaya na riƙe, ɗaya na ɗaurewa.

Yaya ake ɗaurawa?

Da farko ana wanke ƙasan bambar da sabulu a kawar da laka da maiƙo, a bar ta ta bushe.

Sannan a gwada sifoilar a jikin motar ba tare da huda komai ba. A yi alama a tsakiyar bamba da tsakiyar sifoila, a haɗa su, a riƙe da salatif, a ja da baya a duba ko ɓangarorin biyu sun yi daidai. Idan za a yi mata fenti, bayan wannan gwaji ake yi, kafin ɗaurawa.

Kafin huda rami, sai an leƙa abin da ke bayan wurin. Akwai wayoyin fitilun hazo da tiyon ruwa, a motocin zamani kuma akwai na'urorin da ke gano kusantar wani abu, da waɗanda ke sakin jakar iska idan an yi karo. Wayoyin jakar iska galibi rawaya ne, kuma ba a taɓa su.

Inda akwai ramukan da kamfani ya riga ya yi, su ya fi dacewa a yi amfani da su. Idan tilas sai an huda sabo, ana farawa ne da ƙaramin rami. Idan ƙarfe aka huda, sai a shafa masa fenti domin kare shi daga tsatsa.

Ana soma ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, kuma ba a tamke ko ɗaya sai dukkansu sun shiga. Wasa mai faɗi na hana noti yaga roba, tamkewa fiye da kima kuma na tsaga ta.

Wasu sifoilolin na zuwa da salatif mai gam ta fuska biyu. Kamfanin 3M, wanda ke ƙera irinsa, ya nuna cewa ya fi kamawa idan zafi na tsakanin digiri 21 zuwa 38, kuma sai bayan sa'a 72 yake gama kamawa. Ana goge wurin da sifirit kafin mannawa, ba a kuma wanke motar a cikin waɗannan kwanaki uku.

Gam kaɗai bai isa ya riƙe babbar sifoila ba. Wadda ta ɓalle a kan babbar hanya na iya shiga ƙarƙashin taya, ko ta daki motar da ke baya.

Me za a duba bayan an gama?

A juya sitiyari iyakarsa dama da hagu, a ga ko taya na gogar sifoilar.

A tabbatar ba ta toshe kafar da iska ke bi zuwa lagireto ko birki ba, ba ta kuma rufe maƙalin jan mota ba. Wasu motocin na da 'yar robar da kamfani ya sa a ƙasa domin tura iska cikin lagireto. Cire ta na iya sa inji ya riƙa zafi.

Gwajin farko a hankali ake yin sa, ana sauraren ƙara, ana kuma lura da ma'aunin zafin inji. Bayan 'yan kwanaki sai a sake bin notunan da sifana.

Me doka ta ce?

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

A Jamus, sifoila kan zo da takardar amincewa da ake kira ABE. Idan babu, sai an kai motar wurin masu bincike irin su TÜV ko DEKRA, in ba haka ba izinin hawa da ita kan titi na iya faɗuwa.

A Ingila, ana sa ran mai mota ya sanar da kamfanin inshora duk wani sauyi da ya yi mata, domin ɓoyewa na iya sa a ƙi biyansa diyya. Haka nan gwajin shekara-shekara na MOT na iya kayar da motar da wani sashe na jikinta ke lilo, ko yake da kaifin da zai ji wa mutum ciwo.

Tarayyar Turai ta kafa doka a 2003 kan yadda za a ƙera gaban mota domin rage raunin da mai tafiya a ƙasa zai ji idan aka buge shi. Sifoila mai tauri da kaifi na iya warware wannan kariya.

Ta dace da kowace hanya?

An tsara mafi yawan sifoiloli ne domin shimfiɗaɗɗun tituna. A Najeriya, inda ake samunsu a kasuwannin kayan mota irin su Ladipo a Legas da Ƙofar Ruwa a Kano, dokokin hanya sun ƙayyade wa motocin gida gudun kilomita 50 a cikin gari, da 100 a manyan tagwayen hanyoyi.

Ke nan ribar da za a samu ta fuskar iska kaɗan ce, alhali ramuka da tudun rage gudu da hawan kwalbatin ƙofar gida na jiran motar kullum. Idan sifoila ta daki ƙasa da ƙarfi, sau da yawa takan fizgo bambar tare da ita.

Masu irin waɗannan motoci kan rage ɓarnar ta hanyar zaɓen gajeriyar sifoila mai laushi, da kuma hawa tudu a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya.

Wanda kuma ba shi da ƙafafun tokare mota, ko bai san abin da ke bayan bambarsa ba, kuɗin da zai biya bakanike bai kai na sabuwar bamba ba, balle na asibiti.