Daga Bilali Zuwa Bailey: Asalin Wani Sunan Zuri'a a Amurka

Bauta ta raba akasarin Baƙaƙen Amurka da sunayen kakanninsu, har ya zama sunayen Turawa yawancinsu suka riƙa bayan samun 'yanci a 1865. Don haka duk inda aka ce wani suna ya ƙetare teku tare da mai shi, ya kamata a tambayi hujja.

Bilali Muhammad mutumin Timbo ne ta Futa Jallo, cikin ƙasar Gini ta yau. An bautar da shi a Bahamas, daga bisani aka kai shi tsibirin Sapelo na jihar Jojiya a farkon ƙarni na 19, inda ya zama sarkin gandun Thomas Spalding. Ya rasu wajejen 1857, ya bar rubutun Larabci mai shafi 13 wanda ke ajiye a Jami'ar Jojiya. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano, ya nemi taimakon malamanta wajen karanta shi, sa'an nan a 1940 ya ce an tsakuro shi ne daga Risala ta Ibn Abi Zaid. Masana na baya sun ja da wannan, amma an dace cewa akwai batun alwala da salla a ciki.

Zuri'arsa ba ta manta da shi ba. A shekarun 1930 tattaɓa-kunnensa, Katie Brown, ta shaida wa masu tattara tarihin baka cewa yana salla da tasbaha, ta kawo sunayen 'ya'yansa mata, ciki har da Fatima da Madina, ta kuma ambaci wani abincin shinkafa da ake raba wa yara mai suna saraka, wato sadaka.

A bakin mutanen tsibirin, Bilali ne ya rikiɗe ya zama Bailey. Hakan na iya yiwuwa, domin harshe yakan ja baƙon suna zuwa ga wanda ya saba da shi, kamar yadda muka mayar da Abubakar Habu. Sai dai Bailey tsohon suna ne a Ingila, tun kafin cinikin bayin Atlantika, kuma Turawa masu bayi ma suna amsa shi. Abin da ya ba zancen Sapelo nauyi, a ganina, shi ne akwai sanannen kaka da rubutunsa da salsala. Ba haka lamarin Frederick Douglass yake ba, wanda aka haifa a Maryland da sunan Bailey. Hasashen da William McFeely ya yi a 1991, cewa nasa ma daga Bilali ne, ya dogara da kamancin sauti.