Hunturu da raƙuman teku: cin ranin Kurfayawa a gaɓar Ankara

Ƙasar Kurfai da ta Tondikandiya ba su san teku ba. Ruwan da suka sani shi ne na rijiyoyin Dallol Bosso, kwarin da koginsa ya ƙafe tun zamanin da. Amma muna ganin tarihin cin ranin mutanen Filinge ba zai cika ba sai an dubi halin teku a gaɓar Ankara, inda da yawansu suka nemi kuɗin haraji a zamanin mulkin mallaka.

Har zuwa 1962, shekarar da aka buɗe tashar Tema, Ankara ba ta da wurin da babban jirgi zai jingina. Jiragen Turai can nesa suke tsayawa, sai kwale-kwale ya kai musu buhunan koko. Tsakanin jirgi da tudu akwai abin da Faransawa ke kira barre, wato layin da raƙuman ruwa ke karyewa, inda kwale-kwale kan kife da kayansa. Waɗannan raƙuma ba iskar gaɓa ke tayar da su ba: daga guguwar kudancin Atlantika suke tasowa, su yi tafiyar dubban kilomita. Sun fi tsanani da damina, daga Yuni zuwa Satumba. Suna lafawa daga Disamba zuwa Fabrairu. Kada a ce hunturu ne ke kwantar da su. Daidaituwar lokaci ce kawai, don a watannin nan guguwar kudu ke yin sauƙi.

To, wannan daidaituwar ita ce kan maganarmu. Manomin Kurfai na gama girbin hatsi a Oktoba, daidai lokacin da kakar koko ke kamawa, teku kuma na shirin lafawa. Lokacin da ba shi da aiki a gida shi ne lokacin da gaɓa ta fi bukatar mai ɗauka.

Sai dai aikin rabe yake. Tuƙi na mutanen gaɓa ne, Fanti da Ga da Kru; ɗan arewa nasa dako ne a kan tudu, kamar yadda Jean Rouch ya nuna a fim ɗinsa Jaguar, wanda ya fara ɗauka a 1954. Harshe ma ya shaida haka: kalmar da Hausa ta bari a Ankara ba ta tuƙi ba ce, “kaya” ce, wadda ta haɗu da yoo, “mace” a harshen Ga, ta ba da kayayoo.

Buɗe Tema ya kashe aikin kwale-kwale. A 1969 kuma dokar gwamnatin Busia ta korar baƙi marasa takardu ta maido da dubban ’yan Nijar gida.