Tsinkewar Jijiyar Gwiwa ga 'Yan Wasa: Alamu, Magani da Komawa Fili

A ƙananan hukumomin Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa, matasanmu suna buga ƙwallon ƙafa a filayen makarantu kusan kowace la'asar, kuma da kaka ta yi sai a buɗe fagen dambe da kokawa. Daga cikin raunukan da ake samu a waɗannan wasanni akwai tsinkewar jijiyar cikin gwiwa, wanda jama'a kan ɗauka targaɗe ne kawai.

Mece ce wannan jijiya?

Manyan jijiyoyi huɗu ne suke ɗaure ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri. Biyu suna gefe da gefe, biyu kuma sun gitta juna a tsakiyar gwiwa. Ta gaba daga cikin masu gittawar, wadda likitoci ke kira ACL, ita ce take hana ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa. Yawanci tana tsinkewa ba tare da an taɗe mutum ba: ƙafa ta kafe a ƙasa jiki ya juya, ko a yi tsalle a dira a karkace, ko a tsaya cak ana cikin gudu.

Alamu

1. Jin ƙara ko ɓallewar wani abu a cikin gwiwa.
2. Kumburi mai yawa cikin 'yan sa'o'i, saboda jini ya taru a ciki.
3. Kasa ci gaba da wasa a lokacin.
4. Daga baya, gwiwa ta riƙa kuɓucewa idan an juya ko ana gangara.

Haɗarin ci gaba da wasa

Bayan 'yan makonni kumburi yakan saɓe, zafi ya lafa, har mutum ya iya gudu a miƙe. A nan ne da yawa suke ruɗuwa su ɗaure gwiwa da bandeji su koma fili. Amma jijiyar da ta tsinke gaba ɗaya ba kasafai take haɗewa yadda take ba. Duk lokacin da gwiwar ta kuɓuce, tana iya yaga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan biyu, wanda ke jawo amosanin gaɓɓai tun da sauran ƙuruciya. Ga wanda ya dogara da noma, kiwo ko dako, wannan asarar hanyar abinci ce.

Taimakon farko da inda za a nufa

A fitar da ɗan wasa daga fili, a ɗaga ƙafar, a sanya ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, a naɗe ba tare da matsewa sosai ba. Kada a ja ƙafar, a murza ta ko a yi tsaga. Aikin maɗori a kan ƙashi ne, wannan kuwa ba karaya ba ce.

A fara da Babban Asibitin Kazaure ko na Ɓaɓura. Hoton ƙashi da aka saba ɗauka ba ya nuna jijiya, don haka idan an ce ƙashi lafiya lau, ba a gama bincike ba. Likita zai gwada gwiwar da hannu, idan da bukata ya tura mai jinya ga ƙwararru, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, inda za a iya neman hoton MRI.

Tiyata da farfaɗowa

Ba kowa ne yake bukatar tiyata ba. Wanda zai bar wasannin juyi da tsalle yana iya wadatuwa da atisayen ƙarfafa cinya a hannun likitan gashin ƙashi. Wanda zai koma ƙwallo ko kokawa, ko wanda gwiwarsa ke yawan kuɓucewa, shi ake ba shawarar aiki. Akan ciro wata jijiya daga bayan cinya ko ƙarƙashin ƙoƙon gwiwar mutum a dasa a madadin wadda ta tsinke.

A makonnin farko ana tafiya da sandar dogarawa, ana koyon miƙe ƙafa sarai. Gudu marar ƙarfi yakan zo ne wajen wata na uku zuwa na huɗu, komawa gasa kuwa sai bayan wata 9 zuwa 12. Wani bincike da aka buga a 2016 kan 'yan wasa a ƙasar Norway ya nuna cewa kowane wata da aka jinkirta komawa, har zuwa wata tara, yana rage haɗarin sake rauni da kusan rabi. Virgil van Dijk na Liverpool ya ji wannan rauni a Oktoban 2020, bai sake buga gasar Firimiya ta Ingila ba sai Agustan 2021, duk da kulawar da yake samu.

Kira ga shugabanni

Muna kira ga jami'an wasanni na ƙananan hukumomi, shugabannin makarantu, dagatai da masu unguwanni da su sa a cike ramuka a kwashe duwatsu daga filaye, musamman a yankunan Kazaure da Roni masu tsauri. Masu horarwa su ware minti 20 na ɗumama jiki kafin wasa, irin tsarin FIFA 11+. Kada a bar yaron da gwiwarsa ta kumbura ya koma fili sai likita ya duba shi ya amince.