Matsayin Fasahar Bulokcen a Intanet na Na'urori

Intanet na na'urori tsari ne da ƙananan na'urori masu ma'auni suke tattara bayanai daga inda aka girke su, su aika ta intanet ba tare da sa hannun mutum ba. Mitar wuta mai kai rahoton abin da aka sha, ma'aunin sanyi da ke cikin kwantenar magunguna, kyamarar tsaro da na'urar bin sawun babbar mota duk suna cikin wannan rukuni. Kevin Ashton, ɗan Birtaniya, shi ya yaɗa sunan a 1999 lokacin da yake aiki da kamfanin Procter & Gamble a kan alamomin rediyo da ake liƙa wa kaya domin a san inda suke. A yau yawan irin waɗannan na'urori ya haura yawan mutanen duniya.

Tsarin da aka saba da shi shi ne kowace na'ura ta riƙa magana da uwar garken kamfanin da ya ƙera ta. Tsarin yana da sauƙi da sauri, amma yana ɗaure na'urar da rayuwar kamfanin. A watan Mayun 2016 kamfanin Nest ya rufe uwar garken na'urar Revolv, wadda mutane suka saya a kan dala 300 don sarrafa fitilu da makullan gidajensu, nan take ta zama tarkace. Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi: wanda ke riƙe da uwar garke shi ke riƙe da tarihin abin da ya faru. Idan aka yi saɓani tsakanin mai kaya da mai jigila a kan ko kwantena ta ɗau zafi a hanya, kuma bayanan suna hannun mai jigila, to wanda ake tuhuma shi ne mai ajiyar shaida. Wannan ne ya sa masu bincike suka waiwayi bulokcen.

Bulokcen kundi ne da kwamfutoci da yawa suke riƙe da kwafinsa a lokaci guda. Ana tara bayanai a shafi, a yi wa shafin hatimin lissafi, wato wata lamba mai tsawon bayit 32 da ake samarwa daga abin da ke cikinsa, wadda za ta sauya gaba ɗaya ko da harafi guda aka taɓa. Kowane sabon shafi yana ɗauke da hatimin wanda ya gabace shi, saboda haka wanda ya so gyara tsohon rubutu sai ya sake gina duk shafukan da suka biyo baya, sannan ya shawo kan sauran masu kwafi su yarda da nasa. Satoshi Nakamoto ya bayyana wannan tsari a takardarsa ta Bitcoin a watan Oktoban 2008. Ethereum, da ya fara aiki a watan Yulin 2015, ya ƙara wani abu a kai: yarjejeniya mai zartar da kanta, wato manhajar da ke zaune cikin kundin, wadda take sakin kuɗi ko ta riƙe su da zarar sharaɗin da aka gindaya ya cika.

Daga nan aka fara hasashen duniyar da na'urori za su riƙa ciniki da junansu. A farkon 2015 IBM da Samsung sun nuna wani gwaji mai suna ADEPT, inda injin wanki yake lura sabulunsa ya kusa ƙarewa, ya yi oda, ya biya da kansa. A watan Afrilun 2016 kamfanin LO3 Energy ya gudanar da cinikin wutar sola tsakanin maƙwabta a unguwar Brooklyn ta birnin New York, ana rubuta lissafin a Ethereum, ko da yake wutar kanta ta layukan kamfanin rarraba wuta take bi. Gwaje-gwajen sun nuna abin mai yiwuwa ne. Ko ya fi tsohon tsari amfani, wannan tambaya ce da sai daga baya aka fuskance ta.

Cikas na farko shi ne ƙanƙantar na'urorin. Hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta kasa ƙananan na'urori aji-aji a 2014, inda na aji na ɗaya suke da ƙwaƙwalwar aiki ta kimanin kilobayit 10 da ma'ajiya ta kilobayit 100. Kundin Bitcoin kuwa ya wuce gigabayit 500. Na'urar da ke magana ta rediyon LoRaWAN a Turai ba ta iya aika fiye da bayit 51 a saƙo ɗaya idan tana nesa da eriya, kuma doka ta taƙaita mata lokacin watsawa zuwa kashi 1 cikin 100 a yawancin tashoshin. Irin wannan na'ura, da ake son batirinta ya yi shekaru, ba za ta taɓa zama cikakkiyar mai riƙe kundi ba. Cikas na biyu shi ne cunkoso. Bitcoin yana ɗaukar ma'amaloli kusan 7 a daƙiƙa, wato wajen 600,000 a yini. Ma'auni guda mai kai rahoto duk minti 5 yana aika saƙo 288 a yini, dubu daga cikinsu kuwa 288,000, kusan rabin abin da kundin zai iya ɗauka a duniya baki ɗaya. Ga kuma kuɗin rubutu da ake biya a kan kowace ma'amala, wanda sau da yawa ya ninka darajar bayanin da ake son adanawa. Sauyin da Ethereum ya yi a watan Satumban 2022 ya rage wutar da yake sha da fiye da kashi 99 cikin 100, amma bai kawar da waɗannan matsaloli ba.

An gina wasu kundaye musamman domin na'urori, kuma tarihinsu abin nazari ne. IOTA, da aka kafa a 2015, ta watsar da jerin shafuka, ta ɗauki tsarin da kowace ma'amala take tabbatar da biyu da suka gabace ta, babu kuɗin rubutu. Sai dai don kare kanta daga mahara ta dogara da wata kwamfuta ta musamman mai daidaita al'amura, wadda a lokacin take hannun gidauniyar IOTA. A watan Fabrairun 2020, da aka yi kutse a manhajar ajiyar kuɗinta mai suna Trinity, gidauniyar ta kashe wannan kwamfuta, harkoki suka tsaya cik kusan wata guda. Matakin ya kare dukiyar jama'a, amma ya bayyana cewa kundin da aka ce ba shi da maigida yana da makunni a hannun mutane ƙalilan. Helium kuwa ta fara a 2019 da dabara mai kyau: mutum ya sayi eriyar LoRaWAN ya kafa a gidansa, a biya shi da kuɗin intanet na HNT saboda ya samar wa unguwa hanyar sadarwa. Eriyoyi sun kusan kai miliyan guda, amma masu biyan kuɗi don aika bayanai na haƙiƙa ba su taka kara sun karya ba, wasu masu eriya kuma suka riƙa ƙaryar wurin da suke domin su ƙara lada. A watan Afrilun 2023 Helium ta bar kundinta ta koma kan kundin Solana.

Tsarin da ya fi tsayawa a aikace shi ne mai hawa-hawa, kuma ya fi fitowa fili idan aka bi kwantenar allurar rigakafi wadda dole ta zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos. A cikin kwantenar akwai ma'auni mai ɗauke da mabuɗin sirri da aka dasa a wani guntu na musamman tun a masana'anta, wanda ba ya fita daga guntun. Duk awon da ya yi sai ya sa masa hannu da wannan mabuɗi, ya miƙa wa wata na'ura mafi ƙarfi da ke gaban mota ko a sito. Ita kuma tana tara awon yini, ta haɗa hatimansu biyu-biyu har su dunƙule zuwa hatimi guda, dabarar da Ralph Merkle ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1970. Wannan hatimi guda kaɗai ake rubutawa a bulokcen, cikakkun bayanan kuma su zauna a ma'ajiya ta yau da kullum. Idan rikici ya taso bayan wata shida, mai jigila ya kawo awon ƙarfe 2 na ranar Talata, sai a lissafa hatiminsa a gwada da wanda ke kundi. In ya sauya digiri 11 ya mai da shi 7, lissafin ba zai dace ba, kuma kowa zai gani. Aikin bulokcen a wannan tsari ɗan kaɗan ne, amma aiki ne na gaske: yana hana a sake rubuta tarihi bayan an ga sakamakonsa.

A nan kuma gizo ke saƙa, domin kundin ba ya ganin cikin kwantena. Abin da ma'auni ya faɗa masa shi yake adanawa. Direban da ya cire ma'aunin ya sa a kular ƙanƙara a gefen kujerarsa, ya kashe firijin motar don ya tsimi man dizal, zai samar da tarihi mai sa hannu, mai hatimi, wanda ba ya goguwa, kuma ƙarya ne daga farko har ƙarshe. Misalinsa kamar malamin da ke rubuta abin da mai awo ya faɗa a kasuwar hatsi ne: komai amanarsa da kyan tawadarsa, idan mudun na ha'inci ne, ha'incin ya rubuta. Yarjejeniya mai zartar da kanta tana ƙara tsananta lamarin, tun da za ta saki kuɗi a kan bayanin ƙarya ba tare da wani ya tsaya ya duba ba. Maganin yana wajen kundin: akwatin ma'auni mai tona asirin wanda ya buɗe shi, ma'aunai da yawa daga masana'antu daban-daban a kwantena guda, da binciken ba-zata na ma'aikata.

Haka abin yake a fannin tsaro. Masu tallata fasahar sukan kawo harin Mirai na 21 ga Oktoban 2016, lokacin da aka yi amfani da dubban kyamarori da na'urorin naɗar bidiyo aka durƙusar da kamfanin Dyn, har Twitter da Netflix da suka dogara da shi suka ɗauke a sassan Amurka. Manhajar Mirai ta shiga waɗannan na'urori ne da jerin sunaye da kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu suke sakawa tun asali, masu saye ba sa sauyawa. Na'urar da aka bar ƙofarta a buɗe haka, ko an yi mata rajista a bulokcen, shiga za a yi. Inda kundin zai taimaka shi ne wallafa hatimin sahihiyar manhajar da kamfani ya fitar, domin na'ura ta tantance kafin ta sabunta kanta, kuma ko wannan ɗin sa hannun lissafi na yau da kullum ya daɗe yana yin sa.

Mafi girman darasi ya fito ne daga harkar sufuri. A 2018 Maersk da IBM sun ƙaddamar da TradeLens, kundi mai ƙayyadaddun mambobi na bin sawun kwantenoni a teku. Fasahar ta yi aiki, amma a watan Nuwamban 2022 aka sanar da rufe shi, kamfanonin suka ce ba a samu haɗin kan masana'antar yadda ake bukata ba. Abokan gasa ba su saki jiki da dandalin da ɗayansu ke jagoranta ba. Walmart kuwa ya yi nasara a gwajinsa, inda gano gonar da mangwaro ya fito ya ragu daga kusan kwana 7 zuwa daƙiƙa 2.2, har a 2018 ya umarci masu kawo masa ganyayyaki su shiga tsarin. Amma wanda ke da ƙarfin tilasta wa kowa shiga bulokcen yana da ƙarfin tilasta musu shiga uwar garkensa, kuma yawancin saurin da aka samu ya zo ne daga mai da takardu zuwa bayanan kwamfuta masu tsari guda. Wurin da fasahar ta fi dacewa, wato inda ɓangarori suke kusan kai ɗaya kuma ba su amince da juna ba, nan ne kuma ya fi wuya a tara su su yarda da ƙa'ida guda.

Akwai kuma batun sirri. Rahoton mitar wuta yana nuna lokacin da mutanen gida suke kwanciya da lokacin da suka yi tafiya. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta ba mutum haƙƙin a goge bayanansa, dokar Najeriya ta 2023 ma ta tanadi haka, kundin da ba ya goguwa kuwa ba shi da hanyar cika wannan umarni. Wannan ƙarin dalili ne na barin ainihin bayanai a waje.

Najeriya ta amince da manufar ƙasa kan bulokcen a watan Mayun 2023, kuma eNaira da aka ƙaddamar a watan Oktoban 2021 a kan bulokcen na Hyperledger Fabric aka gina ta. Duk da haka na'urar da ta shiga gidajen jama'a da yawa, wato mitar kati, tana aiki da lambobi 20 da kamfanin wuta yake samarwa da mabuɗinsa, ba ta bukatar kundi mai rarrabuwa, domin mai sayarwa ɗaya ne. Lamarin yana sauyawa a ƙananan tashoshin sola na karkara, inda mai zuba jari, mai gudanarwa da mai ba da tallafi gwargwadon wutar da aka raba duk suke dogara da rahoton mita guda, kowa kuma yana da dalilin zargin ɗan'uwansa. Haka ma jigilar allurar rigakafi daga babban sito zuwa asibitocin ƙananan hukumomi, wadda take ratsa hannuwa da yawa. A irin waɗannan wurare hatimi guda da ake rubutawa kullum a kundin da babu mai iko da shi shi kaɗai ya cancanci kuɗin da za a kashe masa, muddin an fara kashe mafi yawa a kan ingancin ma'aunin, kare mabuɗinsa da albashin mai zuwa duba shi.